Kibiya Shuɗiya da Kibiya Rawaya: Hawan Keke a Karkarar Ingila

Wata huɗu na yi a Manchesta ban san komai ba sai ɗaki, tashar bas da wurin aiki. Ran Juma'a masallaci, ran Asabar kantin da ake sayar da garin masara da kuɓewa busasshiya, shi ke nan. Sai da wani abokin aiki ya ba ni aron tsohon kekensa mai faɗin taya, ya ce in bi gefen kogin Mersey daga Didsbury zuwa tafkin Chorlton, sannan na gane ashe minti ashirin ne tsakanina da ciyawa, bishiyoyi da agwagin ruwa. Wanda ya zo bana, ko ɗalibi ne ko ma'aikacin jinya, ba sai ya ɓata wata huɗun da na ɓata ba.

Sai dai kafin maganar inda za a je, akwai abin da ya kamata a fara fahimta, domin nan ne ni na yi tuntuɓe. Mu mun saba idan ka fita bayan gari ka ga turba ta ratsa gona, to hanya ce, ka bi abinka, in ka tarar da mai gona ka ce masa sannu da aiki. A Ingila da Wales ba haka ba ne. Wannan filin da kake gani kamar daji, kowane taku nasa da mai shi. Abin da jama'a suke da shi haƙƙin wucewa ne ta wasu hanyoyi sanannu, kuma kowace da irin wanda aka yarda ya bi ta. Alamar tana jikin ƙyaure ko turke, 'yar kibiya ce cikin da'ira. Rawaya ta masu tafiya a ƙafa ce kawai, mai keke ba shi da hurumi a kanta. Shuɗiya hanyar doki ce, wadda allonta kan ce "Public Bridleway", kuma tun dokar karkara ta 1968 aka ba masu keke izinin bin ta, da sharaɗin su kauce wa mai ƙafa da mai doki. Mai launin makuba ma ta halatta, haka ja, sai dai a kan ja kana iya cin karo da mota ko babur.

Ni kibiya rawaya na bi wata Lahadi, har na ɗaga keken na tsallake katanga da shi ina jin daɗin dabarata. Wani manomi ya tare ni a tsakiyar tumakinsa. Bai yi faɗa ba, ya dai nuna mini kibiyar da yatsa, ya tsaya har na juya. Da ma faɗan ya yi, da kunyar ta fi sauƙi.

Wanda ke Sikotland nasa ya bambanta. Dokar filaye ta 2003 ta ba kowa damar shiga yawancin filaye da ƙafa ko keke, muddin bai yi ɓarna ba, bai ratsa shuka ko tsakar gidan mutane ba. Kada ɗan'uwanka na Glasgow ya ba ka labarin yadda yake yawo ka ɗauka kai ma haka ne a Leeds.

To daga ina za a fara? Shawarata ita ce gefen ruwa. Biranen da mutanenmu suka fi yawa, Bamingham, Manchesta, Leeds, Landan, duk akwai tsofaffin mashigan ruwa da aka haƙa a zamanin masana'antu domin jiragen dakon gawayi da kaya. Dawakai ne suke jan jiragen daga gaɓa, turbar da suka bari ita ce yau mutane ke bi. Hukumar Canal & River Trust tana kula da kusan mil 2,000 na irin waɗannan ruwaye, ba a biyan ko sisi, ba tudu ba mota. Illarsu ƙunci: ƙarƙashin gadoji hanyar kan matse har ka ji ruwa na kiranka, ga masu kamun kifi da dogayen sandunansu, ga karnuka. Mai ƙafa ne ke da fifiko. Ka rage gudu, ka kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, ka yi godiya in an matsa maka.

Bayan ƙafa ta saba, sai tsofaffin layukan dogo da aka cire ƙarafunansu. Wanda na fi so shi ne Monsal Trail a yankin Peak District, wato gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya, wanda aka kafa a 1951, tsakanin Manchesta da Sheffield. Tsawonsa mil 8 da rabi ne daga Bakewell zuwa kusa da Buxton. Tunda jirgin ƙasa ba ya son hawa, hanyar kusan a shimfiɗe take, alhali duwatsu ne hagu da dama. Inda dutse ya tare, injiniyoyin wancan zamani suka huda shi, kuma a 2011 aka sake buɗe waɗannan ramukan ga jama'a, da fitilu a ciki da rana. Kana fitowa daga duhun ramin Headstone sai ka tsinci kanka a kan doguwar gada, kogin Wye can ƙasa. Akwai masu ba da hayar keke a tsohuwar tashar Hassop, saboda haka mai iyali zai iya zuwa da uwargida da yara ba tare da ya sayi komai ba. Na sha ganin 'yan'uwa mata da hijabinsu a can. Abin lura kawai shi ne doguwar riga da bakin mayafi kada su shiga sarƙa.

Hawan keken daji na ainihi, mai gangara da duwatsu da saiwoyi, a gandayen daji ake yin sa, inda aka tsara hanyoyi musamman: Cannock Chase a arewacin Bamingham, Sherwood Pines kusa da Nottingham, Dalby a arewacin Yorkshire, Gisburn a Lancashire. Shiga kyauta ne, kuɗin ajiye mota ake biya. A nan ma launi ne ke magana, amma da wata ma'anar: kore na koyo, shuɗi matsakaici, ja mai wuya, baƙi na ƙwararru. Na san halinmu. Wanda ya yi shekaru yana goya buhun taki a kan yashi zai ce ja ɗin me. Jiƙaƙƙiyar saiwa ta fi sabulu santsi, kuma a kekunan Birtaniya birkin hannun dama na tayar gaba ne. Ka damƙe shi da ƙarfi a gangara, ka riga keken isa ƙasa. Fara da shuɗi, sau biyu ko uku.

Abin dariya, duk lokacin da na nufi Sherwood Pines sai na tuna Ralin kakana. A Nottingham ɗin nan aka ƙera kekunan Raleigh da suka cika kasuwanninmu, har zuwa 2002 da aka daina ƙira a can. Tsoho ya rasu bai san garin da dokin ƙarfensa ya fito ba.

Game da kaya, kada a ruɗe ka da kekunan dubban fam. Na hannu mai lafiyayyen birki ya isa. Amma ka nemi rasit, ka duba lambar jikinsa a BikeRegister, wato shafin rajistar kekuna na intanet, domin satar keke ta yi yawa kuma araha mai yawa tana da dalili. Wanda ke da aiki ya tambayi ofishinsu ko suna cikin tsarin Cycle to Work, inda ake cire kuɗin daga albashi kafin haraji. Hular kwano doka ba ta tilasta ba, ni dai ba na shiga daji babu ita. Fitila kuwa dole ce bayan faɗuwar rana, fara a gaba, ja a baya. Sannan babu mai faci a gindin bishiya kamar gida. Ka ɗauki tiyub na ko-ta-kwana da ƙaramin famfo, ka koyi cire taya a ɗakinka tun kafin ranar da za ka yi shi cikin ruwan sama da daskararrun yatsu.

Rana ma sai an yi lissafi da ita. A Disamba kafin ƙarfe huɗu ta faɗi, azahar, la'asar da magariba suna bin juna a gurguje, saboda haka nakan fita da alwalata da 'yar darduma mai naɗewa. A Yuni kuwa har bayan tara na dare da haske. Rigar ruwa kullum tana jaka ko da gari ya waye tas. Sauke taswira a waya tun daga gida, don cikin kwari sabis kan ɗauke. Idan wani ya ji mummunan rauni nesa da titi, a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana buƙatar masu ceto a duwatsu.

Dabbobi kuma: ƙyauren da ka tarar a rufe ka rufe shi bayanka. Saniya mai ɗan maraƙi ka ba ta fili, waɗannan ba su saba da mutum yana ratsa su kamar na Fulani ba. Doki ka yi wa mahayinsa magana daga baya kafin ka matso, ka wuce a hankali. In ka ratsa doguwar ciyawa lokacin zafi, ka duba ƙafafunka da dare saboda kaska, tana ɗauke da cutar da ake kira Lyme.

Sauran taɓo. Daga Oktoba zuwa Maris za ka dawo kamar wanda ya fito daga kwaɓar ƙasar gini. Yawancinmu gidan haya muke, da kafet har kan matakala, ga kuɗin ajiya a hannun mai gida. Bokiti da tsohon buroshi a bakin ƙofa, a wanke keken a waje, a ɗiga wa sarƙa mai, takalmi kuma a cire shi cikin leda kafin a taka ciki.