Koyar Da Tsarin Mulki Da Sulhu: Fara Da Monitan Aji

Shekarun farko da na yi ina koyar da darasin zama ɗan ƙasa, a kan allo nake jera rassan gwamnati uku: majalisa, ɓangaren zartarwa, da na shari'a. Yara su haddace tsaf, su ci jarrabawa, ana fita tara kuma su kaure da dambe a bakin famfo. Abin ya daɗe yana ci mini rai kafin na sauya salo.

Ka fara da monita. Tambayi aji: wa ke rubuta sunayen masu surutu? Wa ke tabbatar da laifin? Wa ke yanke hukunci? Duk amsar ɗaya ce. Sai ka ce, "To idan abokin monita ne ya yi surutun fa?" Nan take za ka ga hannaye sun tashi, kowa da ƙorafinsa. A wannan gaɓar nake gaya musu cewa tun 1748 wani masani Bafaranshe, Montesquieu, ya yi gargaɗi a kan tara waɗannan iko uku a hannu guda.

Daga nan sai a raba aikin. Aji duka shi ne majalisa, ya kafa dokoki ta hanyar ƙuri'a, kada su wuce biyar, a rubuta a kwali a manna a bango. Monita ya aiwatar. Ɗalibai uku da aka zaɓa su zama alƙalai, a riƙa sauya su duk wata. Kuma dokar ta hau kanka kai ma. Ranar da na makara da minti goma, gaban alƙalan nan na tsaya na ba da uzurina, aji ya yi tsit. Ban taɓa yin darasin da ya fi wannan shiga ba.

Sulhu shi ya fi buƙatar haƙuri. Kada ka zaunar da yara suna huci, bari su huce tukuna. Wasu 'yan mata biyu sun taɓa rikici a kan mazauni kusa da taga. Na sa ta farko ta yi magana ba mai katse ta, sannan ta biyu ta maimaita abin da ta ji kafin ta kawo nata. Wannan maimaitawar ita ce gishirin aikin, kada ka tsallake ta. A nan ne ya fito cewa ɗayar ba ta ganin allo daga baya, kunya ta hana ta faɗa. Ban yanke musu komai ba. Su da kansu suka shirya, aka rubuta, muka sake dubawa bayan mako guda.

Bayan yara sun gwada da kansu, sai ka nuna musu cewa ƙasashe ma haka ake so su yi. Sashe na 33 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya jero hanyoyin: tattaunawa, bincike, shiga tsakani, sulhu, da zuwa kotu. Sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 kuma ya ce a saurari yaro a kan abin da ya shafe shi.

Iyaka ɗaya nake sawa tun ranar farko: duk abin da ya kai ga rauni, makami ko cin zarafi, ba ya zuwa gaban alƙalan aji. Wannan ni nake ɗauka in kai ofishin shugaban makaranta, a kira iyaye.