Dashen bugenbiliya da yadda ake sa ta fure

Duk wanda ya ratsa unguwannin Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, cikin rani ya san bugenbiliya, shukar nan mai ƙaya da ke hawa katanga ta lulluɓe ta da ja ko ruwan hoda ko fari. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, amma zafin ƙasarmu ya karɓe ta sosai. Yawan ruwa da yawan taki su ne suka fi cutar da ita a gidaje.

Da reshe ake yaɗa ta. Idan damina ta zauna, wajen watan Yuni, sai ka yanko reshen da ya fara ƙwari, mai kaurin fensir, tsawon santimita 20 zuwa 25. Zage ganyen ƙasa, ka bar biyu a sama. Haɗa yashi kashi biyu da ƙasa kashi ɗaya a leda, ka huda gindinta, ka soka rabin reshen a ciki, ka ajiye a inuwa. Ƙasar ta riƙa zama da laima kawai, kada ta yi caɓi. Saiwa kan fito cikin sati 6 zuwa 8. Yi leda biyar ko shida, don ba duka ke kamawa ba, kuma ka daure kada ka riƙa zaro reshen don leƙen saiwa.

Wurin dashe ya zama yana samun rana aƙalla awa 6. A gindin darbejiya ganye kawai za ta yi. Haƙa rami santimita 50 faɗi da zurfi, ka cuɗa ƙasar da rabin bokitin ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Idan ƙasarka baƙar laka ce, irin karal ɗin kewayen Marwa da ke riƙe ruwa da damina ta tsattsage da rani, ƙara yashi sosai ka ɗaga wurin ya yi tudu, in ba haka ba saiwar za ta ruɓe. Wajen dasawa, tsaga ledar da reza, kada ka fizgo. Saiwarta siririya ce kamar zare, da ƙasar ta warwatse shukar za ta yi yaushi. Kewaye ta da ƙaya saboda awaki.

Wata uku na farko, bokiti ɗaya duk kwana biyu ko uku idan ba a yi ruwan sama ba. Da ta kafu sai ka ja hannu. Bari ƙasa ta bushe har ƙananan ganyen saman reshe su ɗan sunkuya, sannan ka ba ta ruwa mai yawa lokaci guda. Wannan ɗan ƙishin ne ke sa ta fure. Wadda ke cikin tukunya kam, a zafin Maris da Afrilu kusan kullum take son ruwa. Takin yuriya kuwa ganye yake ƙara mata, ya danne fure.

Duba ta da kyau, za ka ga abin nan mai launi ganye ne siriri kamar takarda. Ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya, kuma a kan sabon tsiro yake fitowa. Saboda haka da fure ya kakkaɓe, datse kan rassan kamar santimita 10 zuwa 15 don su fitar da sababbin rassa, ka ɗaure dogayen a waya su bi katanga. Sa safar hannu mai kauri, don ƙayar a ɓoye take a gindin ganye. Idan darɓa ta kama sabon tofo, narka ɗan sabulu a ruwa ka fesa da yamma, ka maimaita bayan sati guda.