Sabon zuwa Birtaniya: abin da badaƙalar Windrush ta koya mana game da takardu

Duk wanda ya sauka Birtaniya zai tarar ana tambayarsa shaidar izinin zama a wurin aiki da banki, a Ingila kuma har da wurin neman haya. Wannan tsari ya samo asali ne daga gwamnatin jam'iyyar Conservative mai ra'ayin riƙau. A 2012 Theresa May, lokacin tana ministar cikin gida, ta ce tana son ƙuntata wa masu zaman ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, sai dokokin shige da fice na 2014 da 2016 suka mayar da masu gidajen haya da masu ɗaukar ma'aikata tamkar jami'an kan iyaka.

Wutar kuwa ta ci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A 2018 aka bankaɗo cewa baƙar fata 'yan Karibiyan da suka shigo ƙasar tun suna yara, da cikakken izini, an kore su daga aiki, an hana su magani, an tsare wasu, an ma tasa ƙeyar wasu. Wannan ce ake kira badaƙalar Windrush, da sunan wani jirgin ruwa da ya kawo 'yan Karibiya Birtaniya. An nemi su kawo takardun shaida na kowace shekara da suka yi a ƙasar, alhali ma'aikatar cikin gida da kanta ta lalata katunan shigowarsu a 2010. Amber Rudd ta sauka daga kujerar ministar cikin gida a Afrilun 2018, kuma rahoton 2020 na Wendy Williams, wadda aka ɗora wa binciken lamarin, ya ce ma'aikatar ta nuna jahilci da ko-in-kula a kan batun launin fata. Mu a ganinmu wannan rashin tunani ne babba, kuma naɗa Rishi Sunak ko Kemi Badenoch, waɗanda ba farar fata ba ne, shugabancin jam'iyyar bai wanke shi ba. Musulmi kuma ba su manta da kwatanta mata masu niƙabi da akwatin gidan waya da Boris Johnson ya yi a 2018 ba.

Jam'iyyar ta faɗi zaɓe a Yulin 2024, amma binciken takardu yana nan daram. Don haka tun ranar farko ka buɗe jaka guda, ta takarda da ta waya. Zuba wasiƙar amincewa da bizarka, tikitin shigowa, yarjejeniyar haya, takardar albashin kowane wata, takardar P60 ta ƙarshen shekarar haraji, wasiƙun harajin ƙaramar hukuma da na likita. Kada ka yar da tsohon fasfo. Ranar neman zaman dindindin, giɓin wata shida da ba ka da shaidarsa zai iya jawo maka ciwon kai.

Biza yanzu ta koma intanet. Ka buɗe asusun UKVI, wato sashen biza da shige da fice na Birtaniya, ka duba sunanka da ranar haihuwa harafi bayan harafi, kuma da zarar ka sauya fasfo ka saka sabuwar lambar, in ba haka ba ana iya tare ka a filin jirgi. Daga shafin gov.uk ake ciro lambar tantancewa da ake ba mai gida ko mai aiki. Kwana 90 take yi, kuma ta haya daban, ta aiki daban.

Idan mai gida ya ji sunanka ko lafazinka ya ce ɗaki ya tafi, sannan ka ga tallar tana nan, ɗauki hotonta da saƙonninku da kwanan wata. Dokar daidaito ta 2010 ta haramta wariyar launi da ta addini. A wurin aiki, tuntuɓi Acas, hukumar sasanta rikicin ma'aikata da masu aiki, da gaggawa, domin wa'adin kai ƙara gajere ne. Zagi ko barazana a titi, kira 'yan sanda a 101. In rai na cikin haɗari, 999.

'Yan Najeriya da Gana da Kamaru masu izinin zama suna da ƙuri'a saboda ƙungiyar Commonwealth, ban da 'yan Nijar da Chadi. Rajista a gov.uk minti biyar ce, ka tanadi lambar inshorarka ta ƙasa, kuma ranar zaɓen majalisar dokoki sai da katin shaida mai hoto.