Kafin ka ce LCD ɗinka ya mutu

Da yawan masu koyon Arduino suna jona LCD 16x2, wato ƙaramin allon rubutu mai layi biyu, kowane layi harafi 16, fitila ta kama amma ba rubutu, sai su ce ai mataccen kaya aka sayar musu. A'a malam, duba ƙafa ta 3 tukuna, wato V0, ita ke sa baƙaƙe su fito ko su dushe. Sa mata fotenshiyomita mai 10k ka riƙa murɗawa a hankali. In ka ga layin sama cike da baƙaƙen akwatuna na ƙasa kuma wayam, to allon lafiyarsa ƙalau, umarnin farawa ne bai shiga ba. Ƙafa ta 5 kuma, RW, kai ta GND, wato ɓangaren negatif na wuta, kar ka bar ta tana lilo ba a jona ta da komai ba.

Babbar matsala dai gaggawa ce, musamman ga mai rubuta umarni da yaren C da kansa a kan ƙananan cip irin su PIC ko AVR. HD44780, cip ɗin da ke sarrafa allon nan, ba ya sauri ko kaɗan, bayan wuta ta zo sai ka jira aƙalla milisakan 15, ni dai 50 nake sawa, ka tura umarnin farawa 0x3 sau uku, bayan na farko ka ba shi fiye da milisakan 4.1, sannan 0x2 don ya koma karɓar bayanai ta waya huɗu, sai 0x28 mai saita shi a layi biyu. Haka 0x01 mai goge allo, yana cin milisakan 1.52 alhali yawancin umarni maikirosakan 37 ne, shi ya sa haruffan farko suke ɓacewa kana ta zargin waya.

Harafi na 17 ba ya sauka layi na biyu da kansa, tura 0xC0 don rubutu ya koma farkon layi na biyu.

Mai allon I2C kuma, wanda ke karɓar bayanai ta waya biyu, gwada adireshin 0x3F in 0x27 ya ƙi.

Daina sa lcd.clear() mai goge allo cikin loop, wato sashen da ke ta maimaituwa, shi ke sa allo ƙyafta ido. Rubuta a kan tsohon kawai, amma ka ƙara sarari a baya, in ba haka ba 100 in ta koma 99 za ka ga 990.

Sai ƙ, ɗ da ɓ, babu su a cikin allon, ka rubuta "ƙofa" ya fito maka da shirme biyu a wurin ƙ tunda bayit biyu ce a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi. Zana su da kanka da createChar, gurbi 8 ne kacal masu ɗigo 5x8, kuma ka kira setCursor, mai nuna inda rubutu zai fara, bayan ka gama, don in ka manta rubutunka zai shige cikin zanen ya ɓata shi.