Yadda Za Ka Rage Gudu a Birni Ba Tare da Ka Ajiye Aikinka Ba

Babban birni ba ya cewa kowa ya yi sauri. Mutum kan shigo da tafiyarsa ta natsuwa, bayan 'yan watanni sai ya tsinci kansa yana danna maɓallin lifta sau uku alhali ya san dannawa ɗaya ta isa, yana tsaki don wanda ke gabansa a layi ya tsaya laluben aljihu, yana ƙarasa wa mutane maganarsu tun ba su kai aya ba. Ranar hutu ma, da ba inda za shi, haka zai riƙa ratsa mutane a titi yana duba agogo.

Masu cewa a tattara a bar birnin ba da su nake ba. Wanda ke da haya da ɗawainiyar iyali a wuyansa ba ya ajiye aiki don an ce masa iskar karkara ta fi daɗi. Abin da zan faɗa na wanda zai ci gaba da fita da sassafe ne ya dawo bayan duhu, yana dai son ya daina rayuwa kamar ana binsa.

Ka fara da rarrabe yawan aiki da gaggawa, domin ba abu ɗaya ba ne. Na yi aiki da mutanen da tebur ɗinsu ya fi na kowa cika, amma in ka shiga wajensu sai su ajiye biro su dube ka. Na kuma ga wanda aikinsa bai taka kara ya karya ba, kullum yana haki. Gaggawa hali ce da ke shiga jiki, kuma ɓarnarta ta wuce gajiya. A 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, John Darley da Daniel Batson, sun wallafa wani gwaji da suka yi da ɗaliban wata makarantar koyon addinin Kirista a Princeton da ke Amurka. An tura kowane ɗalibi wani gini ya gabatar da jawabi, aka kuma ajiye wani mutum a hanya yana duƙe yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce musu akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin ɗari sun taimaka masa. Cikin waɗanda aka ce musu sun makara, kashi 10 ne kacal. Wasunsu ma jawabin da suke sauri su je su yi a kan taimakon wanda ya faɗi a hanya ne. Ba mugaye ba ne, an dai ce musu sun makara.

To daga ina makarar take fitowa? Kada ka yi hasashe. Ka sami ƙaramin littafi, na takarda, ba manhajar waya ba, don wayar tana cikin waɗanda ake tuhuma. Tsawon mako guda, duk bayan awa ɗaya ka rubuta layi guda na abin da ka yi. Kada ka gyara komai tukuna. In makon ya ƙare ka karanta, abin da galibi za ka gani shi ne ainihin aikin da ake biyanka dominsa bai ci rabin wunin ba. Sauran ya tafi a amsa saƙo, da taron da aka kira ba tare da an san abin da za a yanke ba, da abokin aikin da ya leƙo ya ce “minti biyu kawai”. Minti biyun nan tsada gare shi. Gloria Mark ta Jami'ar California da ke Irvine, wadda ta daɗe tana nazarin ma'aikatan ofis, ta gano cewa in an katse mutum yakan ɗauki kimanin minti 23 kafin ya koma kan abin da ya bari, saboda a tsakani sai ya taɓa wasu ayyukan.

Abu mafi muhimmanci, a ganina, shi ne ka tsayar da lokacin tashi kafin ka tsara komai. Yawancinmu a baibai muke yi: mu jera ayyuka, mu ce in an gama a tashi. Ba a gamawa. Tun 1955 wani masanin tarihi ɗan Ingila, Cyril Northcote Parkinson, ya rubuta a mujallar The Economist cewa aiki yana buɗewa ya cike duk lokacin da aka ba shi. Kamar ruwan da aka zuba a daɓe ne, ba ya tsayawa sai ya ci karo da bango. Ka sa bangon. In ka ce ƙarfe shida, to da biyar da rabi ka daina buɗe sabon abu, ka rubuta ayyuka uku da za ka fara da su gobe, ka rufe kwamfuta. Rubutun nan shi ke hana ƙwaƙwalwa ci gaba da tuƙa su a kan filo.

Kada wani ya sa ka ji kamar lalaci ne. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 a kan wannan ce: awa 8 a rana, 48 a mako, ga ma'aikatan masana'antu. A 2021 ita da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016. Idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17. Ka lissafa awanninka, har da wanda kake yi a waya bayan ka koma gida.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen shugaba. Ba kowa ke da ƙarfin cewa “a'a” ba, kuma ban ba sabon ma'aikaci shawarar ya gwada ba. Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi. In ya miƙo maka sabon aiki da yamma, ka karɓa da fara'a, sannan ka ce: “Yallaɓai, rahoton da ka ce a gama Laraba yana hannuna, ga kuma wannan. Wanne kake so in fara?” Ba ka ƙi ba, ba ka kuma yi ƙorafi ba, ka dai mayar masa da zaɓin da tun farko nasa ne. Sau da yawa ya manta da na farkon. Tambaya ta biyu da ya kamata ta zauna a bakinka ita ce, “Zuwa yaushe ake buƙata?” Kalmar “yanzu-yanzu” a ofis takan zama Juma'a in an matsa. Bayan kun yi magana, ka tura masa gajeren saƙo mai ɗauke da abin da kuka tsayar. Ranar da aka zo neman mai laifi, saƙon nan zai yi maka rana.

Sai waya. A Faransa, tun 1 ga Janairu 2017 doka ta wajabta wa kamfanonin da ke da ma'aikata 50 ko fiye su zauna da ma'aikatansu a tsara yadda mutum zai kashe na'urorin aiki bayan tashi. In babu irin wannan doka inda kake, sai ka kafa taka. Ka kashe ƙarar sanarwar imel da ta zaurukan WhatsApp na ofis, ka ware lokaci uku a wuni da kake shiga ka amsa komai gaba ɗaya. Ka shaida wa abokan aiki cewa in abin gaggawa ne a kira ka. Za ka sha mamakin ƙarancin kiran, domin tura saƙo ba ya cin komai, kira kuwa sai mutum ya yi tunani ko abin ya kai. Da dare ka sa cajin wayar nesa da gado, ka sayi agogo mai ƙararrawa.

Cunkoson hanya ba a hannunka yake ba, don haka ba zan ɓata baki a kansa ba. In wurin aikinka na yarda, ka nemi a matsar maka da lokacin shiga da na tashi ka kauce wa sa'ar da kowa ke kan titi. In ba ya yarda, aƙalla kada ka mai da motar haya ofis na biyu. Tsakanin kowane alkawari biyu kuma ka bar rata ta kwata. Wanda ya jera alkawuransa kai da kai, tun daga na biyu ya makara, haka zai wuni yana ba da haƙuri.

Wani abu da ke ba ni dariya: yadda “wallahi ba ni da lokacin kaina” ta zama abin taƙama. Mutum biyu su haɗu, kowa na ƙoƙarin nuna ya fi ɗan'uwansa wahala. Ka daina shiga gasar. In an tambaye ka ya aiki, ka ce da godiya, ka wuce.

Barci ba a cin bashinsa a biya ranar hutu yadda mutane ke zato. Baligi na buƙatar aƙalla awa 7. Sinadarin kafeyin na cikin kofi da shayi, mai hana barci, kan ɗauki wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka abin da ka sha da yamma don ka ƙarasa aiki yana nan tare da kai a gado.

Akwai kuma matakin da waɗannan dabaru ba sa isa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa da alamu uku: ƙarewar kuzari, jin aikin ya fita daga ranka har kana ƙyamarsa, da raguwar iya yin abin da a da kake yi da kyau. In ka ga ukun a jikinka, musamman in akwai rashin barci ko bugun zuciya ko ciwon kai mai naci, ka je ka ga likita, ka kuma ɗauki hutun da kake bi. In ka dawo ka tarar shugaban na nan yadda yake, yana kira tsakar dare, yana ɗaukar tambayar “wanne zan fara” a matsayin raini, ka sabunta takardunka ka fara neman wani wuri a hankali, albashinka na shigowa.