Ga mai son fahimtar addu'o'in Latin na coci

'Yan'uwa cikin Kristi, kada ku fara da haddar nahawu. Ku ɗauki addu'ar da kuka riga kuka iya da Hausa, Pater Noster (Ubanmu) ko Ave Maria (A gaishe ki Maryamu), ku rubuta layin Latin, ma'anar kowace kalma a ƙarƙashinta. Layi biyu a rana ya isa.

Wajen furuci ake yawan tuntuɓe, domin littattafan makaranta furucin Romawan dā suke koyarwa, coci kuwa na Italiya take bi. A coci, c kafin e, i ko ae kamar c ɗinmu take: caelis "celis" ne, ba "kailis" ba. Agnus "anyus", gratia kuma "gratsiya".

Sai ƙarshen kalma, wanda shi ne ke nuna aikinta a jimla, ba wurin da ta zauna ba. Dominus tecum: Ubangiji ne ke tare da ke, Maryamu. Domine: kiransa ake yi. Domini: na Ubangiji. Wanda ya yi sakaci da wannan sai ya juya ma'anar addu'a.

Kyrie eleison kuwa kada ku wahalar da ƙamus, Girkanci ne.