Kafin Ka Sayi Sandar Sauti, Leƙa Bayan Talabijin Ɗinka

Mahaifina ne ya sa na shiga neman sandar sauti, wato doguwar sifikar nan da ake shimfiɗawa a gaban talabijin. Kullum in ana labarai rimot na hannunsa. Mai karanta labarai na farawa sai ya ƙara murya, talla na shigowa sai falon ya ɗauka, ya koma ragewa. Mun daɗe muna zaton kunne ne, ashe yawancin laifin na talabijin ne. Na yanzu sirara ne, babu wurin da sifikar kirki za ta zauna a cikinsu, 'yan mitsi-mitsin da aka cusa kuwa ƙasa suke kallo ko bango, sautin bai nufo mai kallo ba.

Ta farko da na saya, lambar wat da ke jikin kwali na bi, kuma na yi da-na-sani. Ƙara kam akwai, har gilashin taga na rawa, amma magana sai ta nutse cikin kiɗa. Sau da yawa wannan babbar lamba ƙarfin da na'urar ke kaiwa ne na ƙiftawar ido, ba wanda take aiki da shi kullum ba. Ko da gaske ne ma, ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, abin da kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari.

Lambobin da suka cancanci ka tsaya a kansu su ne irin 2.0, 2.1, 3.1 da 5.1.2. Ta farko yawan hanyoyin sauti ne, ta biyu tana nufin akwai wufa, akwatin nan mai fitar da gurnani, ta uku kuma sifikun da ke harba sauti sama. In ka ga 2 a farko, hagu da dama ne kawai. In ka ga 3, an ƙara ta tsakiya, kuma a nan ne kuɗinka zai yi maka aiki, domin masu haɗa sautin fina-finai a hanyar tsakiya suke zuba yawancin maganar 'yan wasa. Idan murya na da sifikarta ita kaɗai, harbin bindiga da rugugin mota ba sa danne ta. Da na canza zuwa 3.1 na kunna saitin ƙara fito da magana, a daren farko Baba ya kalli labarai har ƙarshe rimot na ajiye a hannun kujera. Ni dai in kuɗi ya taƙaita, gara 3.1 mai kyau da 5.1 mai arha.

Sai ka ja talabijin ka haska bayanta da tocila. Nemi kafar HDMI da aka rubuta ARC ko eARC a gefenta, wato kafar da ke tura sautin talabijin zuwa sandar. ARC ta zo da HDMI 1.4 a 2009, eARC kuma da HDMI 2.1 a 2017. Da ɗaya daga cikinsu, waya guda ta isa, kuma rimot ɗin talabijin zai riƙa ƙara muryar sandar yana ragewa, muddin ka kunna abin da ake kira CEC a cikin saiti. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Samsung na cewa Anynet+, LG na cewa Simplink, Sony kuma Bravia Sync. In tsohuwar talabijin ce mai kafar oftikal kaɗai, wadda jan haske ke leƙowa daga cikinta, za ta ɗauki tsarin sauti na Dolby Digital 5.1 lafiya lau, amma ba ta ɗaukar Dolby Atmos, tsarin da ke sa ka ji sauti har daga saman kanka. Ka ga ke nan sayen sanda mai Atmos don irin wannan talabijin asarar kuɗi ce. Bluetooth kuwa a bar shi wa waƙar da ke cikin waya, a fim yakan sa baki ya riga murya.

Shi Atmos ɗin, wanda ya fara a gidajen sinima a 2012, ɗaga kai ka dubi silin kafin ka biya kuɗinsa. Sifikun da ke kallon sama silin suke buga wa sauti ya dawo kanka, don haka suna son silin shimfiɗaɗɗe mai tauri, wanda bai yi tsayi ainun ba. Silin mai tudu da kwari ko mai shanye sauti kan cinye abin. Wasu sandunan ma an rubuta Atmos a kwalinsu alhali ba su da sifikar sama ko ɗaya, kwaikwayo suke yi da lissafi. Lamba ta uku ce za ta faɗa maka gaskiya.

Ɗauki tef ka auna abu biyu: faɗin da ke tsakanin ƙafafun talabijin, da tazarar da ke tsakanin tebur da gindin allo. Sandar da ta fi wannan tazarar tsayi kan tare idon da ke karɓar saƙon rimot, sai ka ga kana ta latsawa shiru. Wufa kuma ko an ce marar waya ce, tana buƙatar soket nata. In ɗakin ƙarami ne ko bangonku ɗaya da maƙwabta, duba ko akwai saitin dare, mai rage gurnani ya bar magana.

In za ka gwada kafin ka biya, kada ka tsaya kan waƙar da mai sayarwa zai sa maka, kusan kowace sanda tana daɗi da kiɗa. Nemi a sa wurin da mutum biyu ke hira a hankali ana kiɗa a bayansu, ka sa a rage murya zuwa yadda kake kallo da dare, ka ja baya kamar taku huɗu, ka ji ko kalmomin na fita ɗaya bayan ɗaya. Bayan ka kai gida, jawo sandar zuwa bakin tebur, kada ka tura ta cikin kanta, sannan ka shiga saitin talabijin ka mayar da fitar sauti zuwa HDMI ARC.